Labarin Firiza Biyu

A birnin Houston na jihar Teksas, can Amurka, akwai wata firiza da ta yi kusan shekara huɗu tana gadin abin da babu wanda ya zo nema. Allurar rigakafi ce ta wata cuta da duniya ta riga ta manta da ita. An haɗa ta a 2016, an tace ta, an yi mata duk tsaftar da doka ta gindaya kafin a tsira wa ɗan Adam. Abin da ya rage shi ne kuɗin gwada ta a jikin mutane. Masu ita suka buga nan suka buga can, daga ofis zuwa kamfani, ba su samu ba. Sai suka mayar da ita cikin sanyi, suka rufe.

Labarin mutanen nesa zan bayar, waɗanda ba su san ni ba, ba kuma za su taɓa karanta Hausa ba. Laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. To bari mu fara hango nasu.

A watan Nuwamba na 2002 wata mura mai shaƙe numfashi ta ɓulla a lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin. Hukumomin wurin suka yi ta rufa-rufa. A Fabrairun 2003 wani likita da ya yi jinyar masu cutar ya tafi Hong Kong bikin aure, ya sauka a hawa na tara na otal ɗin Metropole. Baƙin da suka kwana a wannan hawa suka kwashi cutar ba su sani ba, suka hau jirage, wani ya nufi Hanoi, wasu Singafo, wata tsohuwa ta koma gida Toronto. A Hanoi wani likita ɗan Italiya mai aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, Carlo Urbani, ya gane cewa wannan ba murar da aka saba gani ba ce. Ya sa aka killace asibitin, ya kwarmata wa duniya, ya ci gaba da shiga wurin majinyata har ta kama shi. Ya rasu a Bankok ranar 29 ga Maris 2003, yana da shekara 46. Kafin a shawo kan cutar a watan Yuli, ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774. Ita ce aka raɗa wa suna SARS.

Ƙwayar da ke haddasa ta, in an duba da na'urar da ke girmama ƙananan halittu, dunƙulalliya ce, jikinta duk ƙayoyi kamar ƙarangiya. Daga kamannin nan na kambi aka samo sunan korona. Ƙayar nan ba ado ba ce, mabuɗi ce. A jikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanci da maƙogwaro da huhun mutum akwai wani kwaɗo da masana ke kira ACE2, kuma ƙayar ta yi masa daidai kamar tare aka ƙera su. Da ta buɗe ta shiga, sai ta mayar da ɗakin masana'antarta, ta yi ta buga irinta dubbai suna fita suna buɗe na maƙwabta.

Jiki kuma ba a zaune yake ba. Garkuwarsa hawa-hawa ce. Akwai 'yan sintiri na farko, waɗanda ba sa tambayar suna: duk baƙon da suka gani sai su far masa, su tayar da zazzaɓi, su yi kururuwar neman ɗauki. Bayansu akwai ƙwararru, su kuma sai sun ɗauki mako guda ko biyu suna nazarin maharin. Wasunsu suna ƙera sinadaran da ke manne wa ƙayar su toshe ta, ta kasa shiga kwaɗo. Wasu, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, gida-gida suke bi suna rushe duk ɗakin da ɓarawo ya riga ya mamaye. In an ci yaƙi, wasu daga cikinsu sukan zauna da kamannin maharin a ka, shekara da shekaru. Aikin allurar rigakafi ke nan gaba ɗaya: a nuna wa masu gadi fuskar ɓarawo tun bai zo ba, don kada a ɓata makon nan biyu ranar da ya hauro katanga.

Sai dai masu gadi ma sukan yi ɓarna. Da yawa daga waɗanda SARS ta kashe, a mako na biyu suka rikice, lokacin da ƙwayar ta fara raguwa amma garkuwar jiki ta ƙi tsayawa, ta cika huhu da kumburi da ruwa. A ƙoƙarin kashe ɓarawo aka cinna wa gidan wuta. Masu haɗa rigakafi suna tsoron wannan ƙwarai, kuma suna da dalili. A 1966, a birnin Washinton, an gwada wa jarirai wata allura ta wata cutar huhun yara da ake kira RSV. Da lokacin sanyi ya zo cutar ta zagayo, yaran da aka yi wa allurar su suka fi jigata. Kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a cikinsu sai da aka kwantar da su a asibiti, biyu suka mutu. Allurar ta nuna wa jiki gurɓatacciyar fuska, shi kuma ya yi yaƙin da ya cuci kansa. Shekaru da dama bayan haka ba a samu rigakafin wannan cuta ba, saboda kowa na tsoron ya sake taɓawa.

Shi ya sa ba a tsallake dabbobi. Kafin allura ta taɓa fatar ɗan wani, sai an ga yadda ta yi a jikin abin da ke da huhu da jini irin namu. A nan ne aikin korona ya yi wuya, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin wahalar da ba a gani ita ce aka fi saurin rainawa.

Ɓera shi ne dokin ɗakin bincike. Yana da arha, cikinsa mako uku ne, an san gadon halittarsa ciki da bai. Amma kwaɗon ɓera ba irin na mutum ba ne. Ƙwayar SARS takan shiga jikinsa ta ɗan yi motsi, ba ta kwantar da shi yadda take kwantar da mutum, don haka ba za ka iya sanin ko allurarka ta ceci rai ba. Wasu masana biyu a Jami'ar Ayowa, Stanley Perlman da Paul McCray, suka ɗauki umarnin halitta da ke ƙera kwaɗon mutum suka dasa shi a cikin ɓeraye. A 2007 suka bayyana sakamakon: ɓeraye masu ƙofa irin ta ɗan Adam, waɗanda cutar ke kamawa ta kashe cikin kwanaki. Su ma ba cikakken madubi ba ne, domin a jikinsu cutar takan haura ƙwaƙwalwa fiye da yadda take yi wa mutane. Akwai wata dabba mai kama da tunku, wadda Turawa ke kiwo, ita tana kamuwa tana kuma shafa wa 'yan'uwanta, don haka da ita ake nazarin yaɗuwa. Akwai hamsta, ɗan ƙaramin dangin ɓera mai kumatu, wanda huhunsa ke lalacewa kusan yadda na mutum ke yi. Kusan duk hamstan da ke ɗakunan bincike na duniya jikokin wata uwa ce da 'ya'yanta da aka haƙo daga rami a kusa da Halab ta ƙasar Siriya a 1930. Sannan akwai biri, wanda ya fi kowa kusa da mu, ya fi kowa tsada, cutar kuma ba ta cika tsananta masa ba. Kowace dabba ɓangare ɗaya take faɗa maka, sai ka haɗa bakinsu kafin ka ji labarin.

Kuma sun faɗi abin da ya tayar da hankali. A 2012 masu bincike a Galveston, nan cikin Teksas, suka wallafa cewa wasu alluran SARS da suka gwada wa ɓeraye sun hana ƙwayar yaɗuwa, amma da aka shaƙa musu cutar sai huhunsu ya cika da irin kumburin da ya tuna wa kowa yaran 1966. Mutanen Houston, wato Peter Hotez da Maria Elena Bottazzi, 'yar ƙasar Honduras, da abokan aikinsu a asibitin yara na Teksas da kwalejin likitanci ta Baylor, sun bi wata hanya don kauce wa wannan. Ba su ɗauki ƙwayar gaba ɗaya ba, ba su ma ɗauki ƙayar gaba ɗaya ba. Tsininta kawai suka yanka, daidai wurin da ke shiga kwaɗo, suka koya wa yis ya riƙa ƙera shi a cikin tukwane, yadda aka daɗe ana yin rigakafin ciwon hanta. A jikin ɓeraye ta yi kyau.

Sai dai kafin nan tsoro ya riga ya wuce. Tun 2004 ba a sake jin ɗuriyar SARS ba. Kuɗin da aka zuba lokacin firgici suka fara ƙafewa kamar kududdufin kaka. Kiwon ɓeraye kuwa ba kyauta ba ne: abinci, keji, ma'aikata, wutar da ba ta ɗaukewa. Da aka daina neman ɓerayen Ayowa, aka daina kiwonsu. Abin da aka yi kawai, kuma Allah ya sa aka yi, shi ne aka daskarar da maniyyinsu aka ajiye. Firiza ta farko ke nan.

Cutar ba ta tafi ba tare da aiko saƙo ba. A tsakiyar 2012 wani dattijo ya rasu a wani asibiti a Jidda, huhu da ƙoda duk sun tsaya. Masanin ƙwayoyin cuta na asibitin, Bamisire mai suna Ali Mohamed Zaki, ya ƙi yarda a bar maganar haka. Ya aika da samfur Rotterdam ta ƙasar Holan, aka tabbatar masa wata sabuwar korona ce. Ya sanar da duniya, ya rasa aikinsa, ya koma Masar. Ita ce MERS, wadda ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar ta kama. A 2015 matafiyi ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, ta kama mutum 186, ta kashe 38.

Daga raƙuma take tsallakowa, kuma a nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Masu bincike daga Jami'ar Hong Kong da abokan aikinsu na Najeriya sun je mayankar Kano a 2015, suka ɗebi jini da majinar raƙuma. Mafi yawan raƙuman suna ɗauke da shaidar sun taɓa kamuwa, wasu ma ƙwayar na nan a hancinsu. Da aka gwada jinin mahauta ba a ga sinadaran kariya ba, har aka fara ajiyar zuciya. Bayan wasu shekaru aka koma aka duba ƙwayoyin T, masu tsawon tunani. Cikin mahauta 61 da ke aiki da raƙuma, 18 jikinsu ya nuna ya san ƙwayar. Ma'ana ta taɓa su ta wuce shiru. Ina so a riƙe wannan: 'yar'uwar annobar da ta rufe duniya tana shiga kasuwanninmu da ƙafa huɗu.

Gargaɗi biyu ke nan cikin shekara goma. A wannan yanayi ne mutanen Houston suka kai allurarsu cibiyar binciken sojoji ta Walter Reed aka haɗa ta a 2016, suka fita neman kuɗin gwaji. Hankalin masu kuɗi ya koma kan Ebola da Zika. Kamfanoni suka duba suka ga ba kasuwa, domin wa zai sayi rigakafin cutar da ta ɓace? Firiza ta biyu ta karɓi ajiyarta.

Na daɗe ina tunanin mutanen da suka ce a'a. Ba na jin mugaye ne, kuma a iya abin da aka bayyana ba su saci ko sisi ba. Kowannensu yana da hujjar da za ta shiga kunne: kasafi ya yi kaɗan, buƙatu sun yi yawa, cutar ba ta nan. Amma akwai wani hali na mai riƙe da alƙalamin sa hannu, a duk inda yake a duniya. Ya fi son abin da za a yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, a kafa allo da sunansa. Gada ana ganinta. Ƙofar gari ana ganinta. Ɗakin bincike kuwa in ya yi aikinsa da kyau babu abin da za a gani, sai dai yaran da ba su mutu ba, su kuma ba sa zuwa yin godiya domin ba su san an cece su ba. Ga shi amfaninsa sai bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da wani ne a kan kujerar. Mai irin wannan hali yakan ga albashin masani da man janareton firiza a matsayin asara. Shi ne kuma ranar da annoba ta zo za ka gan shi a gaban na'urar ɗaukar hoto, hanci a rufe, yana kafa kwamiti.

Wasu dai ba su bar gonar ba duk da fari. A cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, Barney Graham ya shafe rayuwarsa yana neman abin da ya kashe yaran 1966. Shi da Jason McLellan da abokansu suka gano cewa mabuɗin irin waɗannan ƙwayoyi yana sauya siffa: kafin ya shiga kwaɗo kamanninsa daban, bayan ya shiga daban. Tsohuwar allurar siffar bayan shiga ta nuna wa jiki. Suka ɗauki darasin suka kai kan ƙayar MERS, kuma tare da wani matashin masani ɗan Sin, Nianshuang Wang, suka samo wurare biyu da in an ɗan sauya su ƙayar za ta ƙame a siffarta ta farko. A 2017 aka wallafa wannan, ba wanda ya yi guɗa. A Jami'ar Pennsylvania kuma akwai Katalin Karikó, wadda ta baro Hangari a 1985 da 'yan kuɗinta ɗinke cikin 'yar tsanar ɗiyarta. Ta nace cewa za a iya aika wa jiki rubutaccen saƙo, wanda ake kira mRNA, ya ƙera abin da ake so da kansa. Ta kasa samun tallafi, a 1995 aka rage mata matsayi. Ba ta tafi ba. A 2005 ita da Drew Weissman suka gano yadda za a gyara saƙon don kada 'yan sintirin jiki su yaga shi tun a bakin ƙofa. A Oxford ta Ingila, Sarah Gilbert tana can tana gwada rigakafin MERS da ta ɗora a kan wata ƙwayar murar birai da aka karya wa ƙarfi.

Sai ga ƙarshen 2019, ga wata sabuwar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 11 ga Janairun 2020 Zhang Yongzhen na Shanghai ya amince abokinsa Edward Holmes ya saki cikakken rubutun halittar sabuwar ƙwayar a intanet. Masana suka duba suka ga kusan kashi 80 cikin ɗari irin ta 2003 ce, kuma kwaɗon da take buɗewa shi ne dai ACE2. Cikin kwanaki mutanen Graham suka ɗora gyaran nan biyu a kan sabuwar ƙayar, kamfanin Moderna ya rubuta shi cikin saƙo irin na Karikó. Ranar 16 ga Maris aka yi wa mutum na farko allurar gwaji a Seattle.

Aka waiwayo neman ɓeraye, babu. Ɓeran gida wannan sabuwar ƙwayar ko kallonsa ba ta yi. Cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta narkar da maniyyin nan na Ayowa ta fara kiwo daga tushe, buƙatu na kwarara daga kowace nahiya. Amma ɓera ba ya jin umarnin shugaban ƙasa. Sai ya yi mako uku a ciki, ya ƙara wasu makonni kafin ya isa haihuwa, sannan 'ya'yansa su ma su yi nasu. Sai wajen tsakiyar shekara aka fara rabawa da yawa, alhali ana ta binne mutane a Italiya da New York. Ba a fafe gora ranar tafiya. Birai ma suka yi wuya, domin ƙasar Sin, wadda Amurka ke sayen mafi yawan nata daga gare ta, ta rufe fitar da su. Waɗanda aka samu sun yi magana tun da wuri: biran da aka yi wa allurar Oxford a jihar Montana huhunsu ya tsira, amma ƙwayar ta ci gaba da zama a hancinsu. Abin da aka gani ke nan daga baya a jikin mutane, allura tana hana mutuwa fiye da yadda take hana kamuwa. Jikokin hamstan Halab kuma, a Jami'ar Hong Kong, su suka nuna cewa ƙyallen takunkumi tsakanin keji biyu yana rage yaɗuwa sosai. Kumburin nan mai ƙone gida ma an samo masa sassauci a watan Yuni, da wani tsohon magani mai arha, dexamethasone, wanda ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A farkon Maris na 2020 Peter Hotez ya zauna gaban wani kwamiti na majalisar wakilan Amurka ya ba su labarin firizarsa. Da an gwada allurar a 2016, da an shiga annoba da sanin ko irin wannan haɗi yana da lafiya a jikin mutum, da nawa ake bayarwa, da kuma ko kariyarsa na iya tsallakawa zuwa 'yar'uwar cutar. Wannan sani aka ƙi saya lokacin da yake da arha. Watanni kaɗan bayan haka gwamnatin da ta rasa 'yan miliyoyi ta fitar da sama da dala biliyan 10 don neman rigakafi.

Ranar 8 ga Disamba 2020, a Coventry ta Ingila, aka yi wa Margaret Keenan mai shekara 90 allurar Pfizer da BioNTech. Na sha jin mutane a majalisa da tashar mota suna cewa abin da aka haɗa cikin wata goma sha ɗaya ba abin yarda ba ne. Ban ga laifinsu sosai ba, domin ba wanda ya zauna ya ba su labarin ɓerayen 2007, ko ƙayar 2017, ko matar da aka rage wa matsayi a 1995, wadda ita da Weissman suka karɓi lambar Nobel a 2023. Girbi suka gani, ba su ga shekarun noma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai, mutuwar da annobar ta jawo kai tsaye da a kaikaice ta kai kusan miliyan 15.

Amurkawa sun yi sakaci, amma sakacin mai rumbu ne. Sun rufe firiza, ba su kashe mata wuta ba. Jami'o'in na nan, masanan na karɓar albashi, masana'antun na aiki, shi ya sa ranar da suka farka suka tarar da abin ɗauka. Da allura ta fito kuma, kowa ya fara da gidansa. Ƙasashe masu kuɗi suka saye ta tun tana tukunya, wasu har ninkin yawan jama'arsu. Sauran suka shiga layi. Jirgin farko na shirin rabon allura na COVAX ya sauka Accra ranar 24 ga Fabrairun 2021 da allura 600,000. Na Najeriya ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris da kusan miliyan huɗu, ga al'umma sama da miliyan 200. Ba a jima ba cutar ta rincaɓe a Indiya, inda ake haɗa mana, suka dakatar da fitarwa don su ceci nasu, kuma wa zai ce sun yi laifi? Zanen aro ba ya rufe katara. Daga baya aka riƙa aiko da ragowar da ta kusa lalacewa, har a Disambar 2021 aka haƙa rami a Abuja aka murƙushe allura sama da miliyan ɗaya da wa'adinta ya cika. A lokacin, cikin duk rigakafin da Afirka ke amfani da shi, wanda take haɗawa da kanta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Mutanen Houston ba su yi fushi sun zauna ba. Suka ɗauki dabarar nan tasu ta yis suka sauya mata tsinin sabuwar ƙwayar, da taimakon wasu masu hannu da shuni na jiharsu. Suka kuma yi abin da ba a saba gani ba: suka ce ba su riƙe haƙƙin mallaka ba, duk mai iya girkawa ya zo ya karɓi yadda ake yi. Kamfanin Biological E na Hyderabad ya karɓa, ranar 28 ga Disamba 2021 Indiya ta amince da allurar da sunan Corbevax, aka yi wa miliyoyin yara 'yan shekara 12 zuwa 14. Kamfanin gwamnatin Indonesiya, Bio Farma da ke Bandung, shi ma ya karɓa ya yi tasa mai suna IndoVac, har da takardar shaidar halal. Girkin kyauta ne, amma sai mai murhu ya amfana. Indiya da Indonesiya ba su fi kowa arziki ba a shekarun da suka gina nasu murhun. Sun dai ƙi barin wutar ta mutu ne. Haka cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda tun shekarun 1930 take haɗa rigakafin shawara, har yau ba ta daina ba.

Ba masana ne muka rasa ba. Kwanaki kaɗan da shigowar korona Najeriya, ɗakin binciken Christian Happi da ke Ede a jihar Osun, tare da abokan aikinsa na Legas, ya karanta rubutun halittar ƙwayar, karo na farko a duk Afirka. Shanu da kaji ma suna da gidan rigakafinsu a Vom, kusa da Jos, tun 1924.

Na mutane a unguwar Yaba yake, cikin Legas. Tun wajen 1940 ake haɗa rigakafin agana da na haukan kare da na shawara a wurin, ana yi wa 'yan ƙasa, ana aika wa maƙwabta. An rufe shi a 1991, aka ce gyara za a yi. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke nan Yaba. A lokacin shekara 29 ke nan da fara gyaran, kuma ko kwalba ɗaya ba ta sake fitowa daga wurin ba.